Gwangwanin Bisimilla

A 'yan shekarun nan mutum ɗaya ne ya riƙa hawo matakalar gidanmu a unguwar Abbasiya ta Alƙahira don ya zauna da ni, kuma shi ma ba kyawuna ke kawo shi ba. Wani tsohon gwangwanin alawa ne, ni kuwa tun farko na san ranar da abin da ke cikin gwangwanin ya ƙare, zuwan ma ya ƙare. Amma sai na koma baya kafin a gane yadda aka yi.

Ranar da na sauka a Alƙahira ina saurayi, ban yi wata tafiyar kirki ba na cika aljihuna biyu da takardu. A garinmu in ka ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa ba ka tsallake ta. Za ka duƙa ka ɗauka, ka karkaɗe, ka soke ta a jikin katanga ko ka kai gida a ƙona, don ba ka sani ba ko akwai sunan Allah a ciki. To sai ga ni a ƙasar da tikitin mota da Larabci, kwalin sabulu da Larabci, har takardar da ake ƙunsa ta'amiya, wato ƙosansu, ita ma da Larabci. Na wuni a duƙe kamar mai shukar gyaɗa. Ɗaliban da suka tarbe ni sun ce da ba su rirriƙe ni ba, da kafin Juma'a na share birnin kaf.

Mutum ɗaya ne bai yi mini dariya ba, wani dogon siriri ɗan Damagaram, don shi ma abin da ya yi ke nan ranar da ya zo. Shi na samu abokin ɗaki. Shi fiƙihu yake karantawa da gaske, ni kuma ina zuwa aji ne don kada kujerata ta yi kewa. Kuɗin tallafin karatu ba ya kai mu ko'ina, sai muka nemi aiki a wani shagon littattafai a unguwar Darrasa, bayan babban masallaci. Aikinmu ɗaurin kwali. Duk ɗalibin da ya gama zai koma gida sai ya sayi littattafan da za su karya bayan raƙumi, mu kuma mu shirya su a kwali, mu cusa tarkacen takarda a kusurwoyi don kada su goge, mu ɗaure da igiya.

Wata rana tarkacen ya ƙare. Mai shagon, wani dattijo mai tari kamar injin niƙa, ya tura mu ɗakin ajiya, ya ce akwai dammunan katalog a can, mu yayyaga mu yi amfani da su. Katalog ɗin nan 'yan ƙananan littattafai ne da wani kamfanin dillancin mujallun zane na yara yake aiko wa masu shaguna a da. Kowane shafi hoton bangon mujalla ne, sai layi biyu ko uku na bayanin labarin da ke ciki. Mai shago ya duba, ya zaɓi abin da yake so a kawo masa, ya jefar da katalog ɗin. Shi dattijonmu bai taɓa sayar da mujallar yara ba, amma kuma bai iya jefar da komai ba, don haka suka taru shekara da shekaru.

Na ɗauki na farko zan murɗe ke nan, sai abokina ya riƙe mini hannu. A saman bangon, can bisa sunan kamfanin, an buga bisimilla da ƙananan baƙaƙe. Muka duba na biyu, haka. Muka duba har ƙasan damin, haka. Ashe mai kamfanin mutum ne mai addini.

Muka koma muka gaya wa dattijon ba za mu iya ba. Ya yi dariya har tarin ya nemi kashe shi. Ya ce in haka ne sai mu daina taka ƙasar Masar gaba ɗaya, mu riƙa tashi sama. Abokina bai yi fushi ba. Ya kwana yana duba littattafansa, da safe ya zo da fatawa da kuma reza: a yanke bisimillar a adana ta wuri mai tsarki, sauran takardar kuwa a yi abin da aka ga dama da ita. Dattijon ya ce ma'alish, wato ba komai, mu kwashe mu kai ɗakinmu mu yi ta yanka har tashin ƙiyama, shi dai kada a ɓata masa lokacin aiki.

Haka muka riƙa jidar su zuwa Abbasiya a motar haya, dami bayan dami. Kullum bayan la'asar sai mu shimfiɗa tabarma, mu ɗora shayi, kowa da rezarsa. Duk wadda aka yanke sai a jefa ta cikin gwangwanin alawa da muka wanke muka shanya. Shiri shi ne in aiki ya ƙare mu ƙona su gaba ɗaya, mu zuba tokar a Kogin Nilu. Abokina yana yanka da rula, a miƙe sumul kamar aikin inji. Ni kuwa yankana sai ka rantse ɓera ne ya gwada haƙoransa.

Matsalar ita ce ba ka iya yanka bango ba ka leƙa ciki ba. Ga wani ɗan sanda mai hanci kamar tulu yana bin ɓarawo a kan rufin jirgin ƙasa. Ga raƙumi da tabarau yana tuƙa kwalekwale. Ga wasu yara uku sun buɗe ƙofa a gindin dala, haske yana fitowa. A ƙasa an rubuta layi biyu, daidai inda labari ya fara daɗi, shi ke nan. Mujallun kansu ba mu taɓa riƙe ko ɗaya ba, an daina buga su tun kafin mu zo. Sai ni na riƙa ƙarasa labarin da baki. Nakan kai ɗan sandan nan har kasuwar garinmu, in sa shi cinikin akuya, in aurar da shi, in sa surukarsa ta kama ɓarawon da muciya. Abokina, mutumin da malamai ke tsoron tambayarsa, sai ya kwanta a tabarma yana riƙe ciki yana cewa, "Malam, ka ji tsoron Allah, ina ka ga akuya a hoton nan?" In ce tana bayan shafi.

Da muka gama yankan, babu wanda ya iya murɗe ko ɗaya. Mun san mutanen ciki, mun ci abinci da su. Kwalayen dattijo kuwa muka riƙa cusa musu tsofaffin jaridun Turanci, waɗanda babu wanda ya taɓa jin tausayinsu. Katalog suka koma saman kabad, gwangwani a samansu. Ƙonawar ma ba a yi ba. Yau jarrabawa, gobe azumi, jibi sanyi.

Abokina ya gama karatu ya koma Damagaram, ni na ɗaure masa kwalayensa da hannuna. A filin jirgi ya tuna mini da gwangwanin, na ce gobe-goben nan. Ya zama limami, ya tara iyali. Da farko wasiƙa, daga baya waya, daga baya sai gaisuwar salla. Labarin rasuwarsa a waya na gan shi, cikin wani zauren tsofaffin ɗalibai, tsakanin tallan turare da hoton ɗaurin auren wani.

Ni ban koma ba. Kada a tambaye ni dalili, ni ma na tambayi kaina har na gaji. Dattijon ya rasu, shagon ya koma wurin sayar da kayan waya. Na koma rakiyar marasa lafiya da ke zuwa daga gida neman magani: in tarbe su, in kai su asibiti, in yi tafinta, in raka su filin jirgi. Aiki ne na sabo da mutum mako biyu a rabu. Waɗanda muka zo tare duk sun watse. Ɗaliban yanzu yara ne masu ladabi, suna ce mini Baba, suna ba ni wuri a mota. In na fara ba da labari sukan yi murmushi, idonsu yana kan waya, babban yatsa yana ta aiki. Akwai lokacin da na lura na kwana biyu ban yi magana da kowa ba sai mai burodi, shi ma abin da na ce masa bai wuce "tamam", wato "to madalla", ba. Ni da aka ce tun ina goye nake surutu.

Ciwon haƙori ne ya kawo canji. Wani turmi na can ciki ya tashe ni tsaye, kumatuna ya kumbura har ina ganinsa ba madubi. Na shiga wani ɗan asibitin haƙori a unguwarmu. Likitan ɗan gajere ne mai sanƙo, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Ya kwantar da ni, ya buɗe mini baki, ya cusa auduga. Ina kallon bango sai na ga firam, a cikinsa ga raƙumina mai tabarau. Katalog ne, irin namu, an sa shi a gilashi kamar takardar shaidar digiri.

Na yi ta nuni ina gurnani har ya cire audugar. Na ce masa ina da irin wannan a gida, tsaunin da in ya faɗo zai binne mutum. Duk wanda ya san ni da ya raba maganar gida goma ya ɗauki ɗaya. Shi bai san ni ba. Ya ajiye abin da ke hannunsa a hankali, ya zauna. A ranar ne kaɗai a rayuwata na yi ƙari aka je aka tarar abin ya kusa kai yadda na faɗa.

Kafin ya cire haƙorin ya yi mini bayani. Ya ce mujallun ba su da wuyar samu, don yara sun ɓoye su a ƙarƙashin katifa, sun girma da su. Katalog kuwa ba a taɓa sayar da shi ba, masu shaguna kaɗai ake aika wa, su kuma su ƙunsa gyaɗa da shi. Abin da kowa ya jefar shi ne yau babu. Kuma a cikinsa ne kaɗai ake ganin mujallun da aka yi talla ba a buga ba, da bangon da aka canza kafin a fitar. Ya ce su 'yan kaɗan ne masu tara irin wannan, sun san juna, suna hassadar juna, kuma wannan guda ɗayan da ke bango sai da ya yi shekaru yana lallashin wani kafin ya sayar masa.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya zo, don ranar yake rufe asibiti da wuri. Na share ɗaki har inda ban taɓa sharewa ba. Na sayo basbusa, wani kek ɗinsu mai zaƙi, yanka biyu. Na hau kujera na sauko da dami na farko, ya sa safar hannu irin ta aikinsa, ya kwance igiyar kamar mai kwance bandeji. Ya ɗaga na sama. Sai ya ga 'yar taga a saman bangon. Ya ɗaga na biyu, taga. Na uku, taga. Ya yi ta ɗagawa, fuskarsa tana canza launi, har na fara tunanin wace lamba ake kira in likita ne da kansa ya faɗi.

"Ya Shehi," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "wane azzalumi ne ya yi wannan?"

Na ce ni ne da wani bawan Allah, kuma don girmamawa muka yi. Na ba shi labarin tun daga aljihuna biyu. Bai yi dariya ba. Ya ce katalog mai huji a wurinsu kamar baki ne ba haƙoran gaba, darajarsa ta zube. Ya fara cire safar hannun. Na ga mutumin nan zai tashi, shayi bai ma tafasa ba. Sai na ce, ai haƙoran suna nan.

Na sauko da gwangwanin. Murfin ya yi tsatsa, sai da na sa cokali. Ga su nan cike, 'yan siraran takardu, kowace da bisimilla, ba abin da ya taɓa su. Likita ya leƙa ciki ya daɗe. Sannan ya yi dariyar da ta sa maƙwabciyata ta buga bango.

A nan muka yi yarjejeniya. Zai saye su duka, amma sai an mayar da kowace bisimilla gidanta. Ya so ya kwashe ya yi aikin a gidansa, na ce a'a, gwangwanin amana ce tsakanina da mamaci, ba ya fita ɗakin nan sai fanko. Wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa ina son a riƙa ƙwanƙwasa mini ƙofa.

Haka Alhamis ta zama rana. Yakan zo da 'yar jakarsa: hantsaki, gilashin ƙara girma, wata siririyar takarda da gam na musamman da ya ce ba ya cin takarda. Mu baje a tabarma. Nawa yankan ba su ba mu wuya ba, don kowane da irin karkatarsa, kana ɗorawa zai zauna. Na abokina ne bala'i. Duk girmansu ɗaya, duk a miƙe. Sai an duba launin takarda, da yadda tawada ta ci, da ɗan ɗigon da rezar ta raba biyu. Likita yakan kai har isha'i a kan guda uku. Nakan ce Allah ya jiƙan mai rula, ya yi mini aikin da bai sani ba.

Ni kuma ina nawa aikin. In na ga hannunsa ya fara sauri sai in ƙara shayi. In ya ɗauko katalog mai ɗan sanda sai in tambaye shi ko ya san mutumin nan ya taɓa cinikin akuya. Shi ya karanta mujallun na gaske yana yaro, ya san yadda kowane labari ya ƙare, sai mu yi ta musu. Ya ce ɓarawon a tashar gaba aka kama shi, in ce wannan bugun Masar ne, a bugun garinmu suruka ce. Ya ce, "Ya Shehi, wallahi naka ya fi." Rabona da in ji an ce mini haka tun ina da gashi.

A hankali na san shi. Matarsa ta ce takardunsa sun cinye ɗakin baƙi. 'Ya'yansa suna ƙasashen waje, suna kiransa a gaggauce. Mahaifinsa ne yake sayo masa mujalla duk mako a hanyar dawowa daga aiki, ya naɗe ta cikin jarida don kada uwar ta gani. Ni ma na gaya masa abubuwan da ban saba faɗa ba, na garinmu da na abokina, kuma wasu ko ƙari ban yi musu ba.

Gwangwani dai yana ta sauka. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, muka koma zama kusa da taga. Da na leƙa sai in ga gindinsa ya fara bayyana, in ji kamar ni ake kwashewa da hantsaki.

Ranar da muka zo ƙarshe, katalog ɗaya ya rage a tabarma, mai yaran nan uku a gindin dala, yankan abokina. Likita ya sa hantsaki a gwangwani, babu komai. Ya kife shi ya bubbuga. Muka ɗaga tabarma, muka duba ƙarƙashin gado, muka karkaɗe dammunan da aka gama. Babu. Ya zauna yana share gumi, ya ce ba zai ɗauki kaya da giɓi ba. Alhamis mai zuwa zai dawo mu sauke kabad ɗin gaba ɗaya, in ba a gani ba mu bi ɗakin taku-taku, ko zai kai shekara.

Ko zai kai shekara. Na ji maganar nan har cikin ƙashina. Na tashi na ɗora wani shayin, na ɗauki murfin gwangwanin don in kawar da shi daga hanya, sai na gan ta. Ta manne a cikin murfin, tsatsa ta riƙe ta ta gefe ɗaya. Likita ya ba ni baya, yana shirya jakarsa. Aljihun rigata yana nan daidai hannuna. Ɗakina kuwa, in ana son bincike, akwai tarkacen da zai ci Alhamis ɗin duniya.

Da wata takarda ce, da ban san abin da zan yi ba, kuma ba na son a tambaye ni. Amma sunan Allah ne a kai. Mun yanke ta ne tun farko don kada a yi abin da bai dace ba da ita. Na tsaya da murfin a hannu har ruwan ya fara ƙara a buta.

Na ce, "Ya Daktur, ga ta nan."

Ya ɓamɓare ta da hantsaki yana riƙe numfashi, ya ɗora, ta zauna daram. Ya rungume ni. Ya kira mota, muka sauke dammunan tare, ni da na hau da su ina saurayi na sauko da su gwiwa tana ƙara. Ya biya ni abin da ya fi ƙarfin bakina, ban yi ciniki ba. A bakin mota ya ce mun zama 'yan'uwa, zai riƙa leƙowa, Alhamis ba za ta wuce ba. Na san da zuciya ɗaya ya faɗa.

Ya zo sau ɗaya. Muka sha shayi, muka yi maganar zafi da cunkoson hanya, hannuwanmu ba abin yi. Ya duba agogo, na duba taga. Bayan nan sai saƙon barka da Juma'a mai hoton fure.

Har yanzu ranar Alhamis ƙafata takan kai ni wurin mai basbusa, bakina ya ce yanka biyu kafin in tuna. Nakan cinye duka, shi ya sa yanzu in na hau mota sai ta karkata. Gwangwanin yana saman kabad, fanko. Ban san abin da zan zuba a ciki ba, kuma mutum ba ya zuba sukari inda bisimilla ta yi shekaru.

Kwanan baya na je asibitinsa, na ce wani haƙori yana mini tsami. Ya yi murna da ganina ƙwarai, amma akwai mutane a layi. Ya kwantar da ni. A bango yanzu firam biyu ne, na biyun yaran nan uku ne a gindin dala. In ba ka sani ba ba za ka ga komai ba, ni kuwa daga kwance ina hango layin rezar abokina, a miƙe sumul. Na yunƙura zan gaya wa likita abin da yaran suka tarar a bayan ƙofar, don a bugun garinmu ba a taɓa ƙarasa wannan ba. Sai ya ce in buɗe baki sosai, ya cusa auduga. Ya ƙwanƙwasa haƙorin, ya ce lafiyarsa ƙalau, in dawo bayan wata shida.